Baƙin Zoben Kawu Bakari

Hauwa, ranar da kika zo daga Girei kika kama gyaran ɗakina ba tare da na sa ki ba, kika ɗauko wani baƙin zoben ƙarfe daga akwatin kyamarorina kika nufi bakin famfo da soso da sabulu, na daka miki tsawa irin wadda ban yi miki ba tun kina yarinya. Kin yi fushi, kin koma gidan mijinki ko tuwo ba ki tsaya kin ci ba. Kina da gaskiya da kika yi fushi, ni ma ina da tawa. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ke da ƙaninki Usman, don kun taso kuna jin ana kiran ubanku Isa Watan Janareto a unguwarmu Dubeli, har Usman ya taɓa fasa wa wani yaro baki a makaranta saboda sunan. Abin da kuka sani rabin labari ne, kuma rabin da ba shi da daɗi.

A shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola saboda harin 'yan bindiga, gidanmu mai ɗaki huɗu ya ɗauki mutum ashirin da wani abu. Dangin uwarku Asta ne kusan duka. Ni mai hoto ne, shekara talatin ina ɗaukar amare da 'yan makaranta, ina gyara kyamara a shagona na bakin titi, ban saba da hayaniya ba, amma na buɗe ƙofa kuma ban yi nadama ba. Cikin waɗanda suka zo har da yayan uwarku, wanda kuke kira Kawu Bakari, ni kuma ina ce masa Hamma, wato yaya da Fulatanci. Maƙerin kwano ne, mai yin akwati da bokiti da murhu. A Mubi an san aikinsa da abu ɗaya: ƙyalli. Bokitinsa sai ka ga fuskarka a jiki. Ya iso da ƙafa a kumbure bayan kwanaki a cikin duwatsu, ba shi da komai sai guduma ɗaya da almakashin yankan kwano a cikin buhu. Wata shida yana zaune a gindin dalbejiyar tsakar gida, ana ba shi abinci yana ci kansa a sunkuye. Mutumin da ya saba ciyar da wasu, ga shi a gidan mijin ƙanwarsa. Na tausaya masa ƙwarai, amma ban san ta inda zan ɓullo masa ba.

A lokacin ina da madubin hangen nesa, dogon bututu mai gilashi a baki, wanda wani malamin jami'a da nake yi wa gyara ya bar mini da zai bar gari saboda tashin hankali. Uwarku ta sa masa suna igwa, ta kuma tilasta mini na kai wa Jauro, mai unguwarmu, ya gani da idonsa, don kada wani ya hango shi a saman bene ya kira mana sojoji. Ina leƙa wata da taurari da shi, amma burina in ɗauke su a hoto. Abin da ya hana ni, zoben da ke haɗa kyamara da gindin bututun ya ɓace, kuma babu irinsa a kasuwar Jimeta. Wata rana da hantsi ina ta jujjuya kyamarar da bututun ina tsaki, sai na ji muryar Kawu Bakari a bayana, karo na farko da ya yi mini magana ba amsa gaisuwa ba.

"Malam Isa, kawo in gani. Wannan ai ba wani abu ba ne."

Kwana huɗu ya yi a kansa. Ya yanka gindin wata tsohuwar tukunyar alminiyum, ya lanƙwasa, ya buga, ya auna da zare. Da ya gama sai ya goge shi da lallausan yashin Binuwai, ya bi da toka da lemun tsami, ciki da waje, har zoben ya koma kamar azurfa. Ya shiga daram, ko motsi ba ya yi. Na yaba har na gaji, kuma abin da na fi yabawa shi ne ƙyallin. Ku riƙe wannan. Ni da na shekara talatin ina buɗe cikin kyamara, na san cikin kowace kyamara baƙi ne ƙirin, na san dalili, amma murna ta rufe mini ido. A ranar na ga Kawu Bakari ya ci abinci kansa a ɗage.

Ba ku manta yadda gari yake a shekarar ba. Bayan bam ɗin da ya tashi a kasuwa, kowane layi ya yi wa kansa ƙofar ƙarfe. Mutanen layinmu suka haɗu suka sa wata ƙatuwar fitila a kan dogon ƙarfe a bakin ƙofar, da ƙaramin janareto da 'yan sintiri ke tayarwa da zarar an yi magariba. Fitilar tana yamma da gidanmu, kusan daidai da saman benen da ban ƙarasa ginawa ba, inda nake kafa igwa. Azumi ya zo a cikin damina. Ran ashirin da tara aka yi ruwa da la'asar, sama ta wanke, sai ɗan siririn girgije a yamma. Ina shan ruwa na yi sallah na haye sama. Na duba da ido, ban ga komai ba. Na ɗaura kyamara da sabon zobe, na saita inda rana ta faɗi, na danna. Da hoton ya fito a gilashin bayan kyamarar, sai ga jinjirin wata, siriri, fari, a lanƙwashe, a gefen hagu. Na sake dannawa, ya sake fitowa. Na sauko da gudu ina nuna wa kowa. Mata suka rangaɗa guɗa. Uwarku ce kaɗai ta karɓi kyamarar ta daɗe tana kallo.

"Malam, da idonka ka gan shi, ko kyamara ne ya gani?"

"Kyamarar nan ta fi idona, ta fi naki," na ce mata.

"To. Ni dai tambaya na yi."

Na ji haushin tambayar, na sa hula na tafi masallaci wurin limaminmu, Modibbo Hammadu, dattijo mai sanyin magana wanda ba ya gaggawa ko da gobara ake yi. Na nuna masa hoton a gaban mutane. Ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya dube ni.

"Malam Isa, ka gani?"

"Na gani, Modibbo."

Wannan kalma ita ce laifina, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ita ba. Ban gani ba, hoto na gani. Modibbo ya ce shaidar mutum ɗaya ba ta isa a sauke azumi ba, zai jira har bayan isha'i, in an sami na biyu zai kira Jauro, Jauro ya kai gaba. Kun san in magana ta hau sama daga nan, ba mai iya dawo da ita. Na koma gida ina tafiya ina jin kaina. Har na fara tunanin girman da zan wanke hoton in rataye a shago.

Wannan kwaɗayin ne ya cece ni. Na ce bari in hau in ƙara ɗaukar wani mai kyau. An kusa kiran isha'i, kuma ko yaro ya san jinjirin daren farko ba ya daɗewa, yana bin rana ne ya faɗi. Na danna ba tare da na taɓa bututun ba. Sai ga watana yana nan, a gefen hagu, a daidai inda na bar shi, ko gezau bai yi ba. Taurari ma tafiya suke yi a cikin madubin nan, balle wata. Ina tsaye ina kallo sai janareton bakin layi ya yi tari ya mutu, 'yan sintiri za su ƙara mai. Na danna a cikin duhun. Hoto ya fito babu komai. Suka ja igiya, fitila ta kama, na danna, wata ya dawo. Na cire kyamarar na leƙa ta gindin bututun, sai na ga abin da idona: hasken fitilar yana shigowa ta gefen baki, yana dukan cikin bututun, ya sauka a kan gogaggen bakin zoben Kawu Bakari ya lanƙwashe. Watana ke nan.

Zan faɗa muku gaskiya, na zauna a kan bulo na yi shawara da shaiɗan. Ya ce mini in yi shiru. Wataƙila a ga watan a wani gari, a yi sanarwa, in zama na farko da ya ɗauke shi a hoto a Jimeta. Daga ƙasa ina jin tashin turmi, ana kwaɓa lalle, yaran da suka yi wata takwas ba su yi dariyar kirki ba suna tsalle suna waƙar Sallah. Ina kuma jin muryar Kawu Bakari a ƙofar gida yana gaya wa maƙwabta cewa da zoben da ya ƙera aka kamo watan. Amma na tuna in ba a gani a ko'ina ba, maganata ce za ta sa jama'a su wayi gari suna cin abinci a ranar azumi. Azumin mutum ɗaya ma nauyi ne, ina ga na gari. Na sauko a hankali. Uwarku tana tsaye a gindin matakala.

"Fuskarka ya canja," ta ce.

"Ba wata ba ne, Asta."

Ba ta ce ai na gaya maka ba, ko da yake ta ce da ni hakan sau da yawa a shekarun da suka biyo baya. Ta sunkuya ta juyo mini da takalmana suka fuskanci ƙofa.

"To je ka, kafin Modibbo ya kira Jauro."

Na tarar an idar da isha'i, masallaci a cike, ba wanda ya watse. Abin da ya fi tayar mini da hankali, shaidu sun zama uku. Mutum biyu da suka ga hotona ɗazu yanzu sun tuna cewa su ma kamar sun hango shi ta saman rufin makaranta. Modibbo yana riƙe da waya a hannu. Na ratsa sahu na durƙusa a gabansa, na ce a gafarce ni, na janye shaidata, abin da na nuna ba wata ba ne, hasken fitilar bakin layi ne ya shiga na'urata. Shaidun nan biyu suka fara duban tabarma. Wani ya tambaya yadda aka yi fitila ta zama wata. A daidai lokacin na hango Kawu Bakari a sahu na uku, ya miƙo wuya.

"Kuskurena ne," na ce. "Ban iya saita kayana ba, kuma na ce na gani alhali ban gani ba."

Modibbo ya mayar da wayar aljihu, ya ce Allah ya yi mana albarka, kowa ya je ya yi shirin sahur. Muna fita wani direban tipa mai suna Ɗanjuma ya ce da ƙarfi, "A ba Isa Watan Janareto hanya." Dariya ta ɓarke, sunan ya zauna. Can anjima rediyo ya sanar ba a ga wata a ko'ina ba, a cika talatin.

Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, sosai. Matan gidan sun kwana biyu suna gaishe ni da gefen baki, don kajin da aka yanka sai da aka soye su aka ajiye. Bayan Sallah wani ɗan kasuwa ya fasa ba ni aikin bikin 'yarsa, aka ce ya ce yana tsoron in fito masa da amarya biyu a hoto. Yara suna wucewa ta shagona suna kwaikwayon ƙarar janareto. Na sha yin niyyar in ce ai zobe ne, sai in tuna kan Kawu Bakari a sunkuye a gindin dalbejiya, in haɗiye. Na rufe igwa da buhu na jingine a bayan ƙofa. Ina tsammanin na ɓoye masa gaskiyar. Kwana biyar da Sallah, da safe, ya same ni ina shan koko.

"Malam Isa, ba ni zoben."

"Wane zobe, Hamma? Ai lafiyarsa ƙalau."

"Ni maƙeri ne. Na san inda haske yake tsalle. Ka rufa mini asiri a masallaci, useko. Yanzu ba ni kayana."

Useko na gode ne da Fulatanci, kun sani, amma ban taɓa jin an faɗe ta da nauyi irin na ranar ba. Na ba shi. Muka kafa bututun a tsakar gida da rana tsaka, muka juya bakinsa kusa da farin bango, muna leƙawa ta gindi ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya yi walƙiya, shi zai nuna, ni in sa alama da alli. Ashe ba zoben kaɗai ba ne, har da kan wasu kusoshi uku da wani wuri da fenti ya ɓare. Ni na fara kawo dabara, na sayo baƙin fentin mai irin na ƙofa. Muka shafa, ya bushe, muka leƙa, sai ga shi yana sheƙi ta gefe kamar goshin mai gumi. Kawu Bakari ya kankare shi tas. Sai ya ɗauki magagari ya fara cin cikin zoben nan da ya kwana huɗu yana gogewa. Layi bayan layi, zagaye bayan zagaye, har santsin ya tafi, cikin ya zama gurzau-gurzau. Ina kallon hannunsa, na ga yana yi yana cije leɓe. Na ce ko ya bari ni in ƙarasa.

"Ni na sa ƙyallin, ni zan cire," ya ce.

Baƙin kuma uwarku ce ta kawo shi. Tana wucewa da tukunya ta tsaya tana kallonmu, mu manyan masana biyu, ta kifa tukunyar a gabanmu.

"Ku dubi gindin wannan. Shekara nawa yana kan wuta, kun taɓa ganin ya yi ƙyalli?"

Muka dubi juna. Kawu Bakari ya ƙera 'yar fitilar aci-balbal da gwangwanin madara, ya ja lagwani sama don ta yi hayaƙi, ya riƙe zoben da awartaki yana juyawa a kan harshen wutar har ya yi baƙi ƙirin. Matsalar ita ce baƙin yana zuba, kuma ƙwaya ɗaya in ta faɗa cikin kyamara ta ɓata hoto. Nan nawa sanin ya yi amfani: na jiƙa ƙaro ya yi ruwa-ruwa sosai, don in ya yi kauri shi ma sheƙi yake yi, muka shafa siriri, muka sake turara shi yana da danshi. Sau uku muka yi kafin ya kama. Ya ƙera wa bakin bututun ƙarin hula ta kwano mai tsawon kamu biyu don ta tare hasken gefe, uwarku ta yanko tsohon zanenta na baƙin karammiski muka liƙa a ciki. Ta ce in sani bashi ne ba na kuɗi ba, za ta riƙa tuna mini har in mutu, kuma ta cika alkawari. Da muka gama na leƙa ta gindin bututun da rana tsaka. Babu komai sai da'irar haske ɗaya a can ƙarshe, kewaye da duhu kamar cikin rijiya.

Ranar duban watan Babbar Sallah na je da kaina na roƙi Modibbo Hammadu ya hau benena. Ya hau da ƙyar, Kawu Bakari yana riƙe da hannunsa. Ɗanjuma ma ya biyo mu ba a gayyace shi ba, ya zo kallon abin dariya. Na aika a ce wa 'yan sintiri su tayar da janareto tun kafin lokaci, ina so fitilar ta kasance a kunne. Na fara juya bututun wurin da babu komai na danna, na nuna musu: fili, babu ko ɗigo. Sannan muka jira. Bayan magariba kaɗan girgije ya tsage, Modibbo ne ya fara nunawa da sandarsa. Na gan shi da idona, na ce kowa ya gani da nasa, sai da suka amsa sannan na taɓa kyamara. Hoton da ya fito shi ne wanda ke rataye a falo har yau. Na ɗauki wani bayan ɗan lokaci, watan ya sauka ƙasa kaɗan, yadda na gaskiya yake yi. Ɗanjuma ya ce a kashe janareto a gani. Aka kashe, wata yana nan.

"Malam Isa," in ji Modibbo, "masu cewa sun gani suna da yawa. Wanda ya dawo ya ce ban gani ba, kai kaɗai na sani. Daga yau in an kawo mini labarin wata, sai na ji daga bakinka."

Haka kuwa aka yi har ya rasu, kuma wanda ya gaje shi bai canja ba. Sau da yawa amsata ita ce ban gani ba, kuma ba a taɓa yi mini musu ba. Ina alfahari da wannan fiye da duk hoton da na taɓa ɗauka. Sunan Watan Janareto bai bar ni ba, yanzu har amsawa nake yi.

Kawu Bakari ya koma Mubi da hanya ta buɗe, ya sake kafa rumfarsa, bokitansa suka ci gaba da ƙyalli. Bai taɓa gaya wa kowa labarin zoben ba, ni ma ban faɗa ba sai yau, shekara biyu bayan mun binne shi. Ranar da zai tafi, yana cikin mota ya leƙo ta taga ya ce mini duk abin da ya ƙera a duniya, wannan ne kaɗai ya ɓata da hannunsa, kuma shi ne ya fi kyau.

Yanzu an cika Dubeli da fitilun sola, kowane gida da tasa, sama ta yi fari-fari, idona kuma ya yi rauni. Usman ya aiko mini da sabon zobe daga Abuja, na kamfani, a cikin kwali mai kyau. Na gode, yana nan a ajiye. Hauwa, in kin huce ki zo ranar Juma'a da rana, zan kafa igwa a tsakar gida ki leƙa ta gindinta ki ga duhun da kawunki ya ƙera. Ki ɗauki zoben a hannunki in kina so, ta gefen waje. A ciki, wajen bakin, akwai wani ɗan tabo inda babban yatsansa ya taɓa ƙaron kafin ya bushe. Shi kika kusa wankewa.